Kurakuran da sababbin ɗalibai ke tafkawa wajen kama ɗaki a Kano

Da zarar an fara rajistar sababbin ɗalibai a Jami'ar Bayero, wayata ba ta hutawa. Ɗan wane ya samu gurbin karatu amma bai samu gado a makaranta ba, a taimaka a nema masa ɗaki a waje. Kafin in buɗe baki sai a ce ai ma ya riga ya tura wa wani kuɗi. Bara haka, bana haka. Na gaji da nanata magana ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Kuskuren da ya fi kowanne ciwo shi ne ba dillali kuɗi ba ka ga mai gida ba. Ni ya taɓa ci, kuma har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci. A shekarata ta farko wani dillali ya kai ni wani ɗaki a Danbare, ciki da banɗaki, fenti sabo fil. Ya dube ni ya ce, "Ɗan samari, mutum uku ke jiran ɗakin nan, in ba ka ajiye wani abu yau ba, gobe sai dai labari." Kuɗin da ke aljihuna na gyaɗar da Baba ya sayar ne. Na ƙirga masa na shekara guda cif, na ɗora la'ada. Babu rasit, babu shaida, ya ce makulli sai Alhaji ya dawo daga tafiya. Bayan mako guda na ɗauko katifata a adaidaita sahu, na tarar da wani ɗalibin a ciki, shi kuwa a hannun mai gida ya biya. Wayar dillali a kashe. Da na kai kuka wurin mai unguwa, tambaya ɗaya ya yi mini: "Yaro, a gaban wa ka ba shi?" Na rasa ta cewa. Zangon karatu guda na yi ina raɓe a ɗakin wani ɗan garinmu, kuma na fi wata ina ɓoye wa Baba.

Tun daga ranar na kafa wa kaina doka. Ko sisi ba na fitarwa sai na zauna da mai gida ko wakilinsa, kuma sai na bi ta wurin mai shagon layin ni kaɗai na tambaye shi gidan na wane ne. Kuɗi ta banki nake turawa, cikin asusu mai sunan mai gidan. A rubuta takarda: ranar shiga, ranar ƙarewar haya, wa zai gyara in rufi ya yi yoyo, shaidu biyu su sa hannu. Ranar da kuɗi ya fita, ranar makulli zai shiga hannuna. La'ada, wadda yawanci kashi 10 cikin 100 ce, a yanke ta tun kafin a taka ƙofar gida. Wasu na cewa na cika bin diddigi. Wanda maciji ya taɓa sara, ko baƙin tsumma ya gani gudu yake yi.

Sai ruwa. Haba ƙanena! Ka shiga ɗaki kana ɗaga waya sama kana neman sabis, kana ƙirga soket, amma ba ka tambayi inda za ka samu ruwan alwala ba? Ganin kan famfo a tsakar gida ba shaida ba ne, murɗa shi ka gani. In rijiyar burtsatse ce, tambayi ranar da babu wuta wa ke sayen man janareta. In rijiya ce, tambayi yadda take a watan Afrilu, lokacin da zafi ya kai intaha, rijiyoyi suka ja baya, 'yan garuwa suka ƙara wa jarka kuɗi. Kada ka tambayi dillali. Tambayi ɗalibin da ya shekara a gidan. Na san waɗanda suka yi murnar samun ɗaki mai araha, ƙarshe abin da suka zuba wa mai kura ya cinye rarar kaf.

Ruwan sama ma haka. Mafi yawanku da rani kuke ganin ɗaki, ko'ina garau. Sunkuya ka duba gindin bango. In ka ga zanen laima, ko fenti ya kumbura yana ɓarewa, to a watan Agusta katifarka da takardunka za su gaya maka. Leƙa kwatar layin kuma, ka ga ko tana da mafita.

Nisa wani tarko ne. Fara sanin inda tsangayarka take kafin ka kama ɗaki. Tsohuwar jami'a na kusa da Kabuga, Janbulo da Ɗorayi. Sabuwar kuwa tana can kan titin Gwarzo, wajen Rijiyar Zaki, Danbare da Rimin Gata. Masu karatun likita in sun yi nisa Asibitin Malam Aminu Kano suke komawa, a titin Zariya. Tun 2013 aka hana acaɓa a birnin, saboda haka lissafa kuɗin adaidaita zuwa da dawowa na wata guda ka ɗora kan haya, sannan ka ce ɗaki ya yi araha. Ni ɗakin da zan taka da ƙafa in riski lakcar ƙarfe 8 na fi so, ko da ƙarami ne.

Saura ƙanana. Duba takardar wuta kada ka gaji bashin wanda ya tashi. Canza kwaɗo ranar da ka tare. Abokin zama ku yanke maganar gas, cefane da baƙi tun ranar farko, don zaman 'yan marina ba ya kai shekara. Kada ka kwashe kuɗin guziri a kan labule da kafet. Katifa, bokiti, risho ko ƙaramar tukunyar gas da fitilar caji sun isa, sauran sai ka san gari.

Kuma ka daina wuce dattawan layi kamar ba ka gan su ba, kunne toshe da waya. Tsaya ka rusuna ka ce, "Baba, ina wuni, ni ne sabon ɗalibin gidan nan." Lokacin hutu za ka kulle ɗaki ka tafi gida wata guda ko fiye, su ne za su ga wanda ya taɓa ƙofarka.