Darasi na Bakwai: Abincinmu da Ciwon Dajin Hanyar Fitsari

Idan ƙaya ta soki mutum a ƙafa, wurin yakan kumbura ya yi zafi, bayan 'yan kwanaki ya sace. Wannan kumburin kariya ne. Akwai kuma wani kumburi na cikin jiki wanda ido ba ya gani, yakan shekara da shekaru yana ci ta ƙarƙashi kamar wutar ƙaiƙayi, har ya lalata ƙwayoyin halitta su fara hayayyafa ba bisa ƙa'ida ba. Ta nan ciwon daji yake samun ƙofa.

A shekarar 2009 masana a Jami'ar Karolina ta Kudu da ke Amurka suka fito da ma'aunin da ke nuna abincin da ke hura wannan kumburi da wanda ke kwantar da shi, suka kuma sabunta shi a 2014. Da aka yi amfani da ma'aunin a ƙasashe daban-daban, an lura cewa masu yawan cin abinci mai hura kumburi sun fi kamuwa da dajin ƙoda, da na mafitsara, da na furostet, wato 'yar tsokar da ke ƙasan mafitsarar namiji. Alaƙa ce aka gani, ba a ce duk mai cin irin abincin zai kamu ba.

Mu duba kwanonmu a nan Kaduna. Lemon kwalba, farin burodi da shayi mai sukari cokali huɗu, naman da kitse ya yi wa yawa, da soye-soye a man da aka maimaita har ya yi baƙi, duk suna cikin masu hurawa. Masu kwantarwa kuwa ba su da tsada: zogale, alayyafo, kuɓewa, wake, gero, acca, albasa, tafarnuwa, da cittar da ake nomawa a Kaciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cin aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa a kullum. Abin takaici, da yawanmu mun mayar da kwaɗon zogale abincin ranar da aljihu ya bushe.

Sai dai abinci ba shi kaɗai ba ne. Shan taba shi ne babban sanadin dajin mafitsara, tsargiyar da ba a yi maganinta ba ma tana jawo shi. Wanda ya ga jini a fitsarinsa, ko sau ɗaya ne kuma ko babu zafi, ya tafi Asibitin Barau Dikko ko asibiti mafi kusa a gwada shi, kada ya tsaya shan jiƙe-jiƙe.