Yadda ake buga hoto a jikin kofin rabon biki da tawadar sablimeshan

Wannan tawada ba zama take yi a saman kaya ba. Zafi ne ke mayar da ita tururi ta shige cikin foliyesta (wani nau'in roba da ake shafa wa kofin), shi ya sa wanki ba ya goge ta. Saboda haka kofin tangaran na kasuwa ba zai yi ba, sai farin kofi mai shafen foliyesta da aka yi don aikin. Baƙin kofi kuwa hoton ba zai fito ba, domin babu farar tawada.

Buga hoton ango da amarya a juye, kamar a madubi, a kan takardar sablimeshan. Idan ya fito dusu-dusu kada ka damu, zafi ne zai tayar da launin.

Goge kofin tas, ka naɗa takardar tsam, fuskar tawada na kallon kofi, ka liƙe da salatif mai jure zafi. Bar kamar santimita 1 daga mariƙin, wurin ba ya samun matsi sosai. Sa a injin matsa kofi, digiri 190 zuwa 200 na ma'aunin Salsiyas, minti 3 zuwa 4. Sanya safar hannu, ka zare takardar a tashi ɗaya.

Idan hoto ya fito a kofin da inuwa biyu, takardar ce ta motsa da zafinta. Baƙi ya koma ruwan ƙasa, zafi ko lokaci ya wuce kima. Dabbare-dabbare kuma yawanci danshi ne, musamman da damina, don haka ajiye takarda cikin leda a rufe. Gwada kofi ɗaya kafin ka taɓa na mai biki.