Ɗaure manhaja a cibiyoyin CPU: inda aka fi yin tuntuɓe

Da wuya yau ka samu kwamfuta mai cibiya ɗaya. A ido CPU guda ne, amma a cikinsa akwai cibiyoyi 4, ko 8, ko 16, kowace tana iya ɗaukar nata aikin. Babbar manhajar kwamfuta, Windows ce ko Linux, tana da ɓangaren da ke rabon aiki, shi ke yanke wace manhaja za ta hau wace cibiya, yana kuma sake rabon sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Sai dai an bar maka ƙofar sa baki, wato ka ɗaure manhaja a cibiyoyin da ka zaɓa mata. A Windows ka buɗe Task Manager, ka shiga Details, ka danna dama a kan sunan manhaja, ka zaɓi Set affinity. A Linux umarnin taskset ke wannan aiki. Sauƙin abin ne ke jawo matsala, domin mutum kan taɓa shi tun bai gane me yake taɓawa ba.

Babban kuskure shi ne zaton cewa idan ka ɗaure manhaja a cibiya ta 2, cibiyar ta zama tata. Ba ta zama ba. Abin da ka yi kawai, ka hana ta zuwa sauran cibiyoyin. Burauza, manhajar kashe bairos, sabuntawar da ke gudana a ɓoye, duk suna nan suna hawa cibiya ta 2 yadda suka ga dama, ita kuwa taka ba ta da wurin gudu idan an cika mata wuri. Ni ma na taɓa faɗawa wannan ramin. Na ɗaure manhajar juya bidiyo a cibiyoyi biyu cikin takwas, wai don ta samu natsuwa, na zauna ina kallon layin ci gaba yana rarrafe, shida suna zaune ba aikin fari. Manhajar an gina ta ne don ta watsu a duk cibiyoyin da ta samu, ni kuma na sa mata takunkumi da hannuna. In da gaske keɓe cibiya kake so, sauran ayyukan za ka kora daga kanta. A Linux ana yin haka da isolcpus lokacin tashin kwamfuta, ko da cpuset, ko a rubuta CPUAffinity a saitin systemd, manhajar da ke tada ayyukan Linux, don tura ayyukan yau da kullum wasu cibiyoyin. A Windows babu hanya mai tsafta irin wannan, sai dai ka bi manhajojin masu cin ƙarfi ɗaya bayan ɗaya ka taƙaita su.

Sai batun lambobi, wanda ya fi kowanne yaudara. Tun 2002 Intel ta fito da Hyper-Threading, dabarar da ke sa cibiya ɗaya ta bayyana kamar biyu, AMD ma tana da irinta a Ryzen. Don haka kwamfuta mai cibiyoyi 4 da ke da wannan dabarar za ta nuna maka CPU 0 zuwa CPU 7. Ba takwas ba ne, huɗu ne, kowace da 'yan tagwaye masu ci a kwano ɗaya. A Windows yawanci 0 da 1 su ne tagwayen cibiyar farko, 2 da 3 na ta biyu. Wanda ya zaɓi 0 da 1 yana ganin ya ba manhajarsa cibiyoyi biyu, alhali ɗaya ya ba ta. A Linux kuma sau da yawa jerin ya sha bamban: abokin 0 shi ne 4, abokin 1 shi ne 5. Ka ga kenan shawarar da ka kwafo daga mai amfani da Windows, ta "ka zaɓi 0, 2, 4, 6", tana iya cusa ka a cibiyoyi biyu kacal a Linux. Kada ka yi kirdado. A Linux rubuta lscpu -e, ka dubi layin CORE, duk lambobin da suka haɗu a lamba ɗaya tagwaye ne.

Akwai kuma tarkon da ya shafi yadda ake rubuta zaɓin. Umarnin start /affinity na Windows ba ya karɓar lambar cibiya, yana karɓar lamba ce a lissafin tushe 16, wadda kowane gurbi nata a lissafin sifili da ɗaya ke wakiltar cibiya guda. Ka rubuta 3, ba cibiya ta 3 ka zaɓa ba, 0 da 1 ka zaɓa, domin 3 shi ne 11 a lissafin sifili da ɗaya, ana kuma ƙirga gurabun daga dama, a fara da 0. Ka rubuta F, ka ɗauki huɗun farko. Ka rubuta 10 da nufin cibiya ta goma, za a karanta shi 16, wato 10000, ka ƙare a CPU 4 ita kaɗai. Mai son 0, 2, 4 da 6 sai ya rubuta 55. Haka taskset yake idan ba ka sa masa -c ba. Shawarata a Linux, kullum ka sa -c ka rubuta lambobin ƙarara, taskset -c 0-3, ka huta da lissafi. A Windows ka buɗe kalkuleta a yanayin Programmer ka tabbatar kafin ka danna.

Abin da ka saita a Task Manager ba ya kwana. Da ka rufe manhajar ka sake buɗewa, ya tafi. Ka sa umarnin start /affinity a cikin gajeriyar hanyar da kake buɗe ta da ita, ko ka rubuta CPUAffinity a fayil ɗin systemd na aikin, ko --cpuset-cpus idan Docker ne, wato manhajar da ke gudanar da ayyuka a keɓe.

Wani abin da ke ɗaure wa mutane kai: sun sa taskset -p a kan manhajar da ta riga ta tashi, amma htop, manhajar duba ayyukan da ke gudana a Linux, yana nuna tana nan a ko'ina. Dalili, manhaja tana da zaruruwan aiki da yawa, wato ƙananan sassan aikinta da ke iya gudana lokaci guda, umarnin kuma babban zaren kaɗai ya taɓa. Ƙara -a ya kama su duka. Kishiyar wannan ma tana faruwa, domin ɗaurin gado ne, duk manhajar da wata ta haifa tana gadon iyakarta. Ka ɗaure tagar umarni a cibiya ɗaya ka manta, duk abin da ka tasa daga cikinta ranar nan a cibiya ɗaya zai maƙale, kai kuma kana zargin kwamfuta.

A da cibiyoyin duk tsararraki ne, yanzu ba haka ba. A 2021, a zubi na 12 na Intel Core, an haɗa manyan cibiyoyi masu ƙarfi da ƙanana masu tsimin wuta a CPU ɗaya. Core i9-12900K yana da manya 8 da ƙanana 8, manyan ne kawai ke da tagwaye, shi ya sa lambobinsa 24: 0 zuwa 15 na manya, 16 zuwa 23 na ƙanana. Tsohuwar dabarar "ka tura wasa cibiyoyin ƙarshe, sun fi zama ba kowa" a nan ƙananan za ta kai ka. Ryzen 9 7950X3D na 2023 shi ma cibiyoyinsa 16 kashi biyu ne, kashi ɗaya kaɗai ke da ƙarin ma'ajiyar kusa (cache, ma'ajiya mai sauri a cikin CPU) da wasanni ke mora. A ganina nan ne ɗaya daga cikin 'yan wuraren da ɗaurin hannu yake da hujja, idan ka ga wasa yana yawo tsakanin kashin biyu. Amma fara sabunta direbobi da BIOS tukuna, domin an riga an koya wa Windows 11 bambance waɗannan cibiyoyin.

A manyan sabobi, wato kwamfutocin da ke yi wa wasu hidima, masu CPU biyu, kowane yana da RAM ɗin da ke kusa da shi. Ka ɗaure aiki a CPU na biyu bayan ya riga ya zuba bayanansa a RAM na farko, kowane karatu sai ya tsallaka. A nan numactl ya fi taskset dacewa, da --cpunodebind da --membind tare, kuma tun daga tashin aikin.

Masu Mac kada su wahalar da kansu da nema, macOS ba ta ba mai amfani irin wannan ɗaurin ba.

Kafin ka taɓa komai, gwada aikin sau uku ka rubuta lokacin da ya ci. Ɗaure, ka sake gwadawa sau uku da fayil ɗin nan dai, in Linux ne ka duba da taskset -cp cewa ɗaurin ya kama inda kake nufi. In lokacin bai ragu ba, ko sarƙewar wasan ba ta tafi ba, cire ɗaurin; a Windows koma Set affinity ka danna All Processors.