Darasi Na Tara: Buguwa Da Kwanciyar Jini

Toh jama'a, yau kan buguwa zamu tsaya, irin wadda mutum zai tashi cikin dare ya gabji ƙafar gado da ƙwaurinsa, fata bata yage ba jini bai fito ba, amma gari na wayewa sai yaga wajen ya tasa yayi duhu, ko ɗan taɓawa akayi sai ya ɗaga murya. Abinda ya faru shine ƙananan jijiyoyin jini dake ƙarƙashin fata ne suka fashe, jinin ya rasa hanyar fita sai ya kwanta a wajen.

A jikin mai hasken fata zakuga ja tukuna, sai shuɗi-shuɗi, can ya koma kore-kore da rawaya kafin ya ɓace, galibi cikin sati 2. Mai duhun fata kuwa ba lallai kalar ta nuna sosai ba, don haka ku lura da kumburi da tauri da zafi in an danna.

Ga inda nafi so ku riƙe. Da yawanmu da an bugu sai a ɗora ruwan zafi ayi ta gashi ana murzawa, wallahi wannan ƙara ɓata wajen yakeyi, domin zafi buɗe jijiya yake, jinin da ake so ya tsaya sai ya ƙara zuba. Sanyi ake fara sawa. Ku naɗe ƙanƙara a tsumma mai tsabta, dan Allah kar a ɗora ta kai tsaye kan fata, a dafa a wajen minti 15 zuwa 20 sannan a ɗauke a huta, a maimaita sau da yawa a rana har kwana 2. In babu ƙanƙara tsumma da ruwan sanyi ma ya taimaka. Ƙafa ce ko hannu, a ɗaga shi kan filo. Bayan kwana 2 ɗin ne gashi da ruwan ɗumi ke da amfani, shima a hankali.

In ciwo ya dame ku parasitamol ya isa. Asfirin kam ku barshi, yana hana jini saurin daskarewa.

Amma fa ba kowace buguwa ake zama da ita a gida ba. Wanda ya bugu a kai ya fara amai ko jiri ko yawan barci ko maganarsa ta rikice, asibiti za'a kaishi nan take. Haka wanda ya kasa taka ƙafar, ƙila karaya ce ko tsagewar ƙashi, da wanda ya bugu a ciki ko a ido ko yaga jini a fitsari. In kuma jini na yawan kwanta maka alhali baka bugu da komai ba, ko harda haɓo da jinin dasashi, ko sati 2 sun wuce wajen bai sauya ba, kaje likita ya duba jininka.