Shawara ga masu haɗa katin biki a waya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya ƙanwata ta turo min katin auren ƙawarta, sai da na kai waya bakin hancina kafin na gano ranar ɗaurin aure. Sunayen ango da amarya, kamu, walima, lambobin waya, duk girmansu ɗaya, kuma rubutu ruwan gwal a kan ruwan hoda. Abin ya dame ni, don an sha wahala a kansa.

In za ku haɗa a manhajar zane ta waya irin Canva ko PixelLab, ku zaɓi abu guda ya fi komai girma, yawanci sunayen ma'auratan, sai rana da wuri su biyo baya. Salon rubutu biyu sun wadatar, launi kada ya wuce uku. Idan kun ɗora babban fure a saman dama, ku sa ƙarami a ƙasan hagu, don kada katin ya rinjaya gefe guda kamar mangalar jaki. Don Allah a bar fili a gefuna, domin wajen yanka a maɗaba'a gefen ake ci.

Kafin ku tura, ku miƙe hannu da wayar ku duba daga nesa. In rana da wuri ba su fito sarai ba, a koma a gyara.