Darasi na Tara: Daga Ina Kalmar Kamuflaj Ta Fito?

Ka taɓa lura da kakin soja mai dabbare-dabbare, kore da baƙi da ruwan ƙasa? Turawa suna kiransa camouflage. A wannan darasi za mu rubuta kalmar yadda ake furta ta: kamuflaj. Ma'anarta ɓad da kama, wato mutum ko kaya su saje da wurin da suke, har ido ya kasa rabe su.

Kalmar ta Faransanci ce, daga camoufler. Tun kafin ta shiga bakin sojoji, ɓarayin Faransa suna amfani da ita a zaurancensu idan wani ya sauya kamanni don kada a gane shi.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya fito da ita fili. A 1914 sojojin Faransa sun shiga fagen daga da jajayen wanduna. Ka ji fa, ja wur a cikin koren fili! Tun daga nesa ake hango su. Ga kuma jiragen sama suna leƙen asiri daga bisa. A 1915 rundunar ta kafa sashen ɓad da kama, ta ɗora mai zane Guirand de Scévola a kansa. Masu zane suka riƙa shafa wa manyan bindigogi fenti kala-kala, suna lulluɓe su da raga da ganye. Har itacen ƙarya suka ƙera, mai rami a ciki, soja ya shiga yana leƙen abokan gaba. Tambarin sashen kuwa hawainiya ce. Kafin yaƙin ya ƙare a 1918, Ingilishi ya ari kalmar.

Kaki ma aro ne. Asalinsa kalmar Farisanci ce mai nufin ƙura, ta bi ta harshen Urdu. Sojojin Ingila a Indiya suka rina tufafinsu launin ƙasa, sunan ya bi su har ya iso bakinmu.

Kalmar kamuflaj baƙuwa ce, amma dabarar mun san ta. Maharbi kan ɗaura kan burtu a goshi, ya sunkuya cikin ciyawa yana tafiya irin ta tsuntsun, har ya kusanci abin harbi.

A kula: a Najeriya doka ta hana farar hula sanya kakin soja. Ko a gwanjo ka ga mai araha, bar shi a can.

Aiki

1. Rubuta waɗannan sau uku-uku: kamuflaj, kaki, burtu, hawainiya.
2. A wace shekara Faransa ta kafa sashen ɓad da kama?
3. Wace dabba kake gani a gonarku da ke sajewa da ƙasa ko ganye? Faɗa wa na kusa da kai, sannan ka rubuta sunanta.