Yadda za ka zauna da tsohon soja ya ba ka labarin yaƙin basasa

In akwai kakanka ko wani dattijo a unguwarku cikin 'yan mazan jiya to kar ka ce sai gobe, wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1967 yau ya haura 75. Ni a kan kakana na gwada a Kawo, Kaduna.

Kar ka soma da "Baba mutum nawa kuka kashe", wallahi daga nan hira ta mutu. Ka je bayan la'asar da ɗan goronka, ka gaishe shi da kyau, ka nemi izini kafin ka kunna rikoda, wayar kuma ajiye ta gefen tabarma ba wai ka yi ta cusa masa a baki ba.

Fara da Dipo ta Zariya inda ake horar da kurata, wa ya kai shi, da sanin iyaye ko guduwa ya yi, yaya rayuwar kurtu. Lokacin ɗibar mutane ake yi ba ji ba gani, sojan da bai wuce dubu 10 ba kafin yaƙi ya kai wajen dubu 250 a 1970. Ka tambayi lambarsa ta soja, mutumin da ke manta inda ya ajiye carbi zai karanto maka ita tsaf.

Sai ka ji ƙarƙashin wane kwamanda ya yi. In Shuwa ne to Nsukka da Inugu, in Adekunle ne Kalaba da Fatakwal, in kuwa Murtala ne ka yi a hankali, don su ne suka yi ta ƙoƙarin haye kogin Kwara daga Asaba zuwa Onica a Oktoban 1967, ruwa ya ci mutane da yawa, ga kwanton ɓaunar da sojan Biyafara suka yi musu a Abagana a 1968. Kakana da ya zo nan shiru ya yi, ya cire hula yana ta murza ta, na kusa sa baki Allah ya taimake ni na kame. Can sai ya fara kiran sunayen abokansa da garuruwansu. Rubuta su duka, wasu a can aka binne su danginsu ko gawa ba su gani ba.

Kar ka tsaya a 15 ga Janairun 1970, ranar da yaƙi ya ƙare, ka tambaye shi bayan sallama, aikin gadi ne ko noma, fansho ya fito ko har yanzu ana zarya Abuja. Takardar sallama da tsofaffin hotuna ka ɗauke su a waya, kar ka tafi da na ainihi, da su ake zuwa tantancewa.